Kyautar Doki Ba Harawa: Lacca Kan Neman Kuɗin Faɗaɗa Laburare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayena da ke sahun gaba, malamai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? Ɗana, ɗan ɗaga min abin nan sama. Yauwa, Allah ya yi albarka.

An ba ni minti arba'in in yi magana kan yadda ake neman kuɗi a wurin gwamnatin jiha don a faɗaɗa laburare. Abu huɗu na rubuto: hujja, lokaci, ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, sai abin da ake roƙa. In na zarce a ja min riga. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ce wa jama'a su yi shiru a laburare, yau an damƙa masa lasifika, ai kun san ba za a kwashe lafiya ba. (dariya)

Na farko, hujja. Nan Kano muna da Laburaren Murtala Muhammad a titin Ahmadu Bello, ƙarƙashin Hukumar Ɗakunan Karatu ta jiha. To amma ku dubi inda gari ya kai. Ƙananan hukumomi takwas ake lissafawa a ƙwaryar birni yanzu, har da Kumbotso da Ungogo. Yarinyar da ke Rijiyar Zaki ko Sheka, adaidaita nawa za ta hau kafin ta iso Nassarawa inda laburaren yake? A ƙidayar 2006 jihar nan ta haura mutum miliyan tara, kuma waɗanda aka haifa a shekarar sun isa shiga jami'a. Sai dai kada ku je wa kwamishina da cewa ilimi haske ne. Ya sani, shi ma a taro haka yake faɗa. Ku je masa da rajistar bakin ƙofa: mutum nawa suka shigo, kujera nawa ce a zaure, nawa suka koma don ba wurin zama. A lokacin JAMB da WAEC ku ɗauki hoton yaran da suka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Gani ya kori ji.

Na biyu kuwa... a'a, bari in tsallaka zuwa na huɗu, don shi ne ya hana ni barci jiya. Abin da ake roƙa.

Akwai wani attajiri a Amurka, Andrew Carnegie, mu dai a wurin aiki Kanegi muke ce masa. An haife shi a Dunfermline ta ƙasar Sikotland a 1835, ɗan masaƙi ne. Talauci ya koro iyayensa zuwa Amurka a 1848, ya fara aiki a masaƙar auduga yana ɗan shekara goma sha uku, dala ɗaya da 'yan kwabbai a mako. A garin da suka sauka akwai wani Kanar James Anderson mai littattafai kamar ɗari huɗu, da yake buɗe wa yara 'yan ƙwadago ƙofa ranar Asabar su ari littafi su dawo da shi wani makon. Littafi ɗari huɗu fa! Wasunku a nan abin da ke ɗakinku ya fi haka, gara ce kawai ke karantawa. (dariya) Yaron nan ya girma ya zama sarkin ƙarfe, a 1901 ya sayar da kamfaninsa kan dala miliyan 480. Kuma tsakanin 1883 da 1929 kuɗinsa sun gina laburare 2,509 a duniya, 1,689 daga ciki a Amurka.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Mutumin nan ba ya ba da kuɗi haka kawai don an yi masa kirari. Gari ya rubuto takarda, sakatarensa James Bertram ya aiko da tambayoyi: ku nawa ne a garin, kuna da laburare yanzu, nawa kuke kashe masa? Sannan sharaɗi. Ku kawo fili. Kowa ya shiga kyauta. Kuma hukumar garin ta yi alkawari a rubuce cewa duk shekara za ta fitar da kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin, daga harajin jama'a, don tafiyar da wurin. Duk shekara. Na ce duk shekara, ba ranar yanka ƙyalle kaɗai ba. Ya ba ku dala dubu goma, ku nemo dubu ɗaya bana, dubu ɗaya baɗi, har illa masha Allahu. Shi bulo da siminti ne nasa. Littafi, albashi, fitila, tsintsiya, naku ne. Akwai garuruwan da suka ji sharaɗin suka ce a kai kasuwa, wasu kuma ƙungiyoyin ma'aikata suka ce ba sa son kuɗin mutumin da ya matse 'yan ƙwadago, don shi ma ba waliyyi ba ne, kada ku ce na ce. Amma dabarar nan tasa, wallahi, da zan iya da na sa an rubuta ta a ƙofar kowace ma'aikata.

Ku lissafa da namu kuɗin. A ce gwamna ya ji tausayinku ya sa hannu a kan naira biliyan ɗaya ta sabon ɓangare. A ƙa'idar Kanegi, sai an ware miliyan ɗari kowace shekara ta riƙon wurin. Wa ya taɓa rubuta wannan a takardar roƙonsa? Mu abin da muka iya shi ne zanen gini mai hawa biyu da gilashi. Kun san dalili? Gini ana ganinsa daga titi, ana manna masa allo da suna, a kira 'yan jarida. Kuɗin dizal ba a yanka masa ƙyalle.

Na yi aiki a wani laburare, ba zan faɗi garin ba, kuma kada Malam da ke murmushi can ya taya ni faɗa. An yi mana sabon zaure, fenti har ɗaukar ido yake, fanka goma sha biyu a sama. Damina ta biyu rufi ya fara yoyo daidai kan kantar da muke jera tsofaffin jaridu. Na rubuta takarda, aka ce babu kuɗin gyara a kasafi, gini sabo ne, me zai lalace? Muka sayo bokitai uku da kuɗin aljihunmu. In hadari ya haɗo, ni da masinja mu bar masu karatu mu hau jan kanta, shi yana riƙe da leda ni ina riƙe da bokiti. Wata Litinin na ɗago wani ƙunshin jaridu da aka ɗinke tun kafin a ɗauke ni aiki, sai bangon kawai ya biyo hannuna. Ciki ya zama ƙasa. Danshi ya kira gara, gara ta yi walima. Fankokin nan kuwa sha biyu, an yanke wuta saboda bashi, suka zama wurin sheƙar gizo-gizo. Wannan shi ne a ba ka kyautar doki ba harawa. Ka ga doki a ƙofar gida, kowa na cewa barka, kai kuwa ka san abin da ke jiranka da daddare.

Saboda haka in za ku rubuta, ku rubuta gida biyu. Kasafin gwamnati kansa gida biyu ne: manyan ayyuka, da ayyukan yau da kullum inda albashi da kuɗin gudanarwa suke. Roƙonku ya shiga duka biyun a takarda ɗaya. Gini kaza, ma'aikata kaza da za a ɗauka, kuɗin sabon littafi duk shekara kaza, sola da batiranta, da shekarar da za a sake batiran, don batir ma yana tsufa kamar ni. Tun ran gini tun ran zane. Kuma in an ce kuɗin ba za su kai ba, ku rage girman ginin, kada ku rage harawar. Ƙaramin zaure mai wuta har ƙarfe tara na dare ya fi min katafaren bene da ake kullewa da la'asar.

Af, kuma kada ku ɗauka Kanegi bai taɓa mu ba. Gidauniyarsa ta sa kuɗi a laburaren da aka buɗe a Legas a 1932, ita ce kuma ta tallafa aka kafa makarantar koyon aikin laburare a Ibadan. Mu nan Arewa da ɗakunan karatu na En'e muka fara, sannan laburaren yanki a Kaduna a 1952, sai rahoton da wani masani mai suna Sharr ya rubuta a 1963 kan buƙatun laburare a Arewa, sai sashen koyar da aikin a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. Rahoto dai ba mu rasa shi ba.

Shugaba yana nuna min agogo. Ranka ya daɗe, na gani. Ina muka tsaya? Na uku? To, na uku, lokaci. Ko shi ne na biyu, oho.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanenmu sai sun ji a rediyo gwamna ya kai kasafi majalisa sannan su ɗinka babbar riga su tafi. A lokacin an gama. Tun wajen tsakiyar shekara Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsare ke aika wa ma'aikatu takardar su kawo buƙatunsu, da iyakar abin da kowa zai nema. Nan ne za ku zauna da hukumar laburare, don ta hannunta roƙon zai shiga. Bayan nan ku bi shi majalisa ranar kare kasafi. 'Yan majalisar jiha arba'in ne, kowannenku yana da nasa, ku je masa gida ku gaishe shi. Kuma shiga kasafi daban, sakin kuɗi daban. Layi yana iya zama a littafin kasafi shekara uku ko sisi bai fita ba. Yanzu jihohi suna sa rahoton abin da suka kashe a intanet duk wata uku, ku sa yaran nan masu waya su riƙa dubawa. Sannan ku tuna gwamnatin jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. To ku riƙe ta da maganarta, cikin ladabi.

Ƙofofi kuwa, a gurguje. TETFund, wato hukumar asusun tallafa wa ilimi, ta manyan makarantun gwamnati ce, jami'a da kwalejin ilimi da foliteknik, kada ku ɓata takalminku. UBEC, wato hukumar ilimin bai-ɗaya, ta firamare da ƙaramar sakandare ce, kuma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kun ga Kanegi ya sake leƙowa. Laburaren Ƙasa na tarayya ne, shi ma hedikwatarsa a Abuja tun 2006 aka ba da kwangila, aka shafe shekara fiye da goma sha biyar ba a tare ba. Saura ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, waɗannan...

(Wata mata daga sahun baya ta ɗaga hannu: Baba, gafara dai. Ni malamar Islamiyya ce. Tun ɗazu ake Kanegi, Kanegi. Mu garin nan attajirai ne ba mu da su? Me ya sa sai gwamnati? Ba za a iya yin waƙafi ba?)

Malama, Allah ya yi miki albarka, kin ƙwace laccar. (dariya) Ku ji fa. Abin da Kanegi ya tilasta wa garuruwa da sharaɗi, mu addini ya ba mu shi tun tuni da lada a kai. Mene ne waƙafi? A tsare asalin dukiya, a riƙa cin amfaninta. Sayyadina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Azhar a Misira da Ƙarawiyyin a Fas, da dukiyar waƙafi suka rayu ɗaruruwan shekaru, da malamansu da littattafansu. Kuma jihar nan tana da Hukumar Zakka da Hubusi, hubusin nan ai shi ne waƙafi.

Amma mu in Allah ya buɗa wa mutum, masallaci zai gina, ko da akwai wani a tsallaken titi. Ban hana ba, kada a fita a ce tsoho ya yi saɓo. Cewa na yi, a samu Alhaji ɗaya a Kantin Kwari ko Singa ya ce shaguna biyar ɗin nan na tsayar da su, hayarsu ta sayi littafi da batir har abada. Ba sai ya ɗora bulo ko ɗaya ba. Sai ku ɗauki takardar waƙafin ku kai wa gwamnati ku ce ga harawa mun samo, a ba mu doki. Kun juya Kanegi ke nan. Ban ga kwamishinan da zai ji wannan bai gyara zama ba.

Sai dai abu ɗaya, Malama. Albashin ma'aikata ya zauna a wuyan gwamnati, kada a ɗora shi kan haya, don shekarar da kasuwa ta yi gobara, Allah ya kiyaye, ba ma'aikacin da zai ci haƙuri a madadin tuwo. Kuma a rubuta waƙafin gaban lauya da shaidu, da sunan masu kula, saboda magada. Na ga inda uba ya bayar da baki, ya rasu, 'ya'ya suka zo da tela mai awon fili... ba tela ba, safiyo, kun dai gane. (dariya)

Shugaba, ka ce saura minti nawa? Babu? To. Sakatare, rubuta sunan Malama a kwamitin, kada ta fita. Kuma wa zai karɓo mana alƙaluman rajistar bakin ƙofa na wata shida kafin zama na gaba? Kai mai shuɗiyar hula, tun ɗazu kake gyaɗa kai, kai ne. Ka tafi da biro biyu.

Wassalamu alaikum.