Jawabin Maraba Daga Sashen Nazarin Harkokin Kasuwanci Ga Babban Baƙonmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma babban baƙonmu, mai girma Shugaban Jami'a, shugaban tsangaya, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, shugabannin 'yan kasuwa da suka bar shagunansu a hannun yara suka amsa gayyatarmu, abokan aikina malamai, ɗalibanmu maza da mata, assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe, ina yi maka barka da zuwa, da sannu da hanya. Mun san hidimomin da ke gabanka, kuma da ka ga dama da wakili za ka turo, ba wanda zai ga laifinka. Amma ka zo da kanka, kuma Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin banki, ya fara daga ƙasa har ya kai inda ka kai ba tare da an ji sunansa cikin wani abin kunya ba, ganinsa kaɗai karatu ne ga waɗannan yaran.

Ba sai na gabatar maka da Kano ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kasuwar Kurmi take ci. Da jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1911, gyaɗa ta buɗe wa mutanenmu wata sabuwar ƙofa, har marigayi Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya zama abin kwatance a duk Afirka ta Yamma. Yau ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Sabon Gari, ga Dawanau inda hatsi ke fita zuwa ƙasashen maƙwabta, ga 'yan canji a Wapa. Bakano ba ya jiran a koya masa saye da sayarwa, cikinsa ya tashi.

Shi ya sa iyaye da yawa ke tambayarmu, kuma tambayar tana kan hanya: yaron da ya iya ciniki tun yana tsaron shagon mahaifinsa, me zai zauna shekara huɗu yana koyo a nan?

Amsarmu tana cikin abin da dukkanmu muka sha gani. Attajiri zai gina dukiya da guminsa, lissafinta duk a kansa yake. Shi ya san wanda yake bi, shi ya san wanda ke binsa, shi ya san kayan da ke hanya daga Legas. Ranar da ya kwanta dama, sai magada su zauna da ɗan littafin da ba mai iya karanta shi sai mai shi. Masu bin bashi su zo da shaidu, waɗanda ake bi su yi shiru. Kafin a gama rabon gado shagon da ya ciyar da gidaje ya watse. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin dukiyar da ta salwanta ta wannan hanya ta marayu ce. Kuma ba mu da uzuri, tunda ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, a sa masa lokaci, a kafa shaidu. Abin da muke koyarwa a fannin sarrafa kuɗi, idan aka tattara shi, hanya ce ta sa dukiya ta iya tsayawa da ƙafarta ko mai ita ba ya nan.

Tsarin karatun kuwa, ɗalibi yakan fara da abubuwan da kowane ɗalibin kasuwanci ke yi: tattalin arziki, aikin akanta, ƙididdiga, dokokin kasuwanci da dabarun tallata kaya. Sai ya kai aji uku da aji huɗu ne yake shiga harkar kuɗi gadan-gadan, inda zai koyi yadda kamfani ke samo jari, yadda ake auna ko wani aiki ya cancanci a zuba masa kuɗi, yadda kasuwar hannun jari ke tafiya, da yadda ake kauce wa asara. A nan ne waɗanda suka zo da tunanin sun guje wa lissafi suke gane cewa yana jiransu.

Bari in kawo misali ɗaya da nake fara wa 'yan aji uku da shi. Ɗan kasuwa ya sari atamfa ta naira 1,000,000. Ya bayar da ita bashi ga abokan cinikinsa na ƙauye a kan naira 1,200,000, za su biya bayan wata shida. Suka cika alkawari, ya rubuta ribar 200,000, ya ɗebi wani abu ya yi cefane da kuɗin makarantar yara. Da ya koma sari, sai ya tarar kayan nan sun koma naira 1,300,000. A littafi ya ci riba, a kan kanta kuwa kayansa sun ragu. Uwar kuɗin yake ci bai sani ba. A shekarar 2024, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, wannan misali ya daina zama na allo. Ɗalibai sukan ce min, Malam, ai abin da ya faru da babanmu ke nan. Yaron da ya fahimci cewa nairar yau ba daidai take da ta bayan wata shida ba, ya kuma iya lissafa bambancin, ya riga ya zama mai amfani a gidansu tun bai karɓi takardar digiri ba. Irinsa kuma ba a yaudararsa da alkawarin riba mai tsoka cikin wata guda, kamar yadda harkar zuba kuɗi ta MMM ta yi wa ɗimbin jama'a kafin ta rufe asusunsu a ƙarshen 2016.

Akwai wata damuwa da ba zan tsallake ta ba, ranka ya daɗe, domin ita ce ta fi hana iyaye sakin 'ya'yansu su karanci wannan fanni, wato kuɗin ruwa. Damuwa ce ta gaskiya, kuma muna girmama ta. Alhamdulillahi, yanzu muna da amsar da ba mu da ita a da. Bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012, kuma Kano na cikin garuruwan da ya fara buɗe reshe. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun tara jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 aka gina tituna da shi. Ɗalibanmu suna karanta murabaha da mudaraba da musharaka da ijara, wato hanyoyin ciniki da zuba jari na Musulunci, kafaɗa da kafaɗa da tsarin bankunan da aka saba, kuma da yawansu sun riga sun ji waɗannan sunaye a makarantar zaure, a babin ciniki. 'Yan matanmu, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a ajujuwa, sukan kawo mana misalan adashin iyayensu mata, mu zauna mu warware shi da alƙalami: wa ya ci bashi, wa ya yi ajiya, wa ke ɗauke da haɗari idan wata ta ɗauka ta daina zubi.

To, baƙo irinka ba ya zuwa a bar shi ya tafi ba a gaya masa buƙata ba. Babbar matsalarmu ita ce yawancin littattafan da ke hannunmu a Amurka da Ingila aka rubuta su, misalansu na kamfanonin can ne. Ɗalibi zai iya lissafa darajar hannun jarin kamfanin da bai taɓa gani ba, amma ka ce ya tsara wa mai sayar da hatsi a Dawanau takardun neman jari daga banki, sai ya tsaya. Maganin wannan yana hannun irinku. Muna roƙon ka yi mana magana da bankuna da kamfanonin inshora da masu dillancin hannun jari, su riƙa karɓar yaranmu aikin sanin makama lokacin hutu, kuma a ba su aiki na gaske, kada a bar su da ɗaukar fayil. Muna kuma buƙatar kwamfutoci, domin babu ofishin da zai ɗauki mai digiri a wannan fanni idan bai iya aiki da manhajar lissafi ta Excel ba.

Roƙo na ƙarshe shi ne wanda na fi ƙwallafa rai a kansa, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Kana cikin aiki lokacin da Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25 a 2004, bankuna 89 suka koma 25. Kana nan a 2009 lokacin da Malam Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin wasu manyan bankuna saboda basussukan da suka ƙi biyuwa. Mu a takarda muke koyar da waɗannan abubuwa, kai kuwa da idonka ka gani. Ka ware mana ko da yini ɗaya ne a kowane zangon karatu, ka zauna da 'yan aji huɗu su yi maka tambayoyi. Su kuma iyayenmu 'yan kasuwa da ke zaune a nan, muna roƙonsu su bar ɗalibanmu su riƙa zuwa suna duba yadda ake riƙe lissafin shago, mun ɗauki alkawarin riƙe sirrinsu.

Bayan jawabinka, ɗalibai za su zagaya da kai ka ga ajujuwansu da ɗakin karatu, sannan wasu daga cikin masu shirin kammalawa su gabatar maka da binciken da suke yi.

Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya mayar da kai gida lafiya tare da 'yan rakiyarka. Ranka ya daɗe, bismillah.

Wassalamu alaikum warahmatullah.