Ina Ribar Ta Shiga? Abin da Darasin Kasuwanci Ke Koya wa Ɗan Sakandare

[Allo fari. Hannu yana rubuta lambobi da alli.]

Jama'a, tambayar da muka bar muku a bidiyon da ya gabata ta raba ku gida uku, kuma kowane gida ya kafe cewa shi ne a kan daidai. Bari mu sake karanta ta a hankali, don wasu sun amsa tun kafin su kai ƙarshenta.

Wata ɗalibar sakandare ta saro littattafan rubutu guda 100, kowanne a kan 10. Ba mu sa sunan kowane kuɗi ba, kowa ya sa na ƙasarsa. Jarinta ke nan, 1,000. Ta sayar da guda 80, kowanne a kan 15. A cikin guda 80 ɗin, 30 bashi aka karɓa. Ta kashe 100 wajen ɗauko kayan. Da yamma ta buɗe akwatinta ta ƙirga, ta samu 650. Riba ta ci ko asara ta yi? Kuma nawa?

[Amsoshi uku suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.]

Gida na farko sun ce asara ce ta 350. Hujjarsu: ta fita da 1,000, ta dawo da 650. Gida na biyu sun ce riba ce ta 100: ciniki 1,200, a cire 1,000 na sari, a cire 100 na ɗauko kaya. Gida na uku, waɗanda suka fi kowa ƙaranci, sun ce riba ce ta 300.

Gida na uku ne suka dace. Yawancinsu kuma, in kun bincika, sun taɓa zama a ajin darasin kasuwanci. Dalilin wannan bidiyo ke nan.

[Aji, ɗalibai, malama a gaban allo.]

Mu yi sauri a nan, hotunan za su nuna muku sauran. Darasin kasuwanci a sakandare ya ƙunshi abubuwa da yawa: yadda ake kafa sana'a, bambancin mai sana'a shi kaɗai da abokan haɗin gwiwa da kamfani, yadda kaya ke tafiya daga masana'anta zuwa hannun mai saye, talla, aikin banki, inshora, rubuta wasiƙar aiki, ajiye rasit, haƙƙin mai saye. Duk suna da amfani. Amma akwai mataki ɗaya da in yaro ya gane shi, sauran za su zo masa da sauƙi, in kuwa bai gane shi ba, zai iya cin jarrabawa ya fito ya karya jari a wata uku. Matakin shi ne raba riba da kuɗin da ke hannu.

Don haka mu koma wajen ɗalibarmu, mu zauna.

[Akwati a buɗe. Gefensa littattafai 20. Gefe guda takarda mai sunayen masu bashi, an lulluɓe sunayen.]

Ku kalli teburin nan. Abubuwa uku ne a kansa, amma idon mutum akwatin kawai yake gani. Kuɗi na da wannan hali, in suna wuri, komai sai ya dushe.

A akwati akwai 650. Daga ina? Littattafai 50 da aka biya nan take, 50 sau 15, 750. An cire 100 na ɗauko kaya. Saura 650. Wannan gaskiya ne, gida na farko ba su yi kuskuren ƙirga ba. Kuskurensu shi ne sun tsaya a nan.

Ga takardar bashi. Littattafai 30, kowanne 15, 450. Kuɗin ba su shigo ba, amma nata ne. Kayan sun bar hannunta, ciniki ya faɗa. A littafin lissafi ana rubuta ciniki ranar da aka yi shi, ko an biya ko ba a biya ba.

Ga kuma littattafai 20 da suka rage. A nan gida na biyu suka zame. Sun cire 1,000 gaba ɗaya daga ciniki, kamar dukkan kayan sun tafi. Ba su tafi ba, ga su nan muna kallonsu. Guda 80 kawai aka sayar, don haka kuɗin sarin guda 80 kawai za a cire, wato 800. Guda 20 ɗin nan dukiya ce ta 200 da ke jiran mai saye.

[Lissafi a allo, layi bayan layi.]

To, ciniki 1,200. A cire 800, kuɗin sarin abin da aka sayar. A cire 100 na ɗawainiya. Riba 300.

Yanzu mu gwada ta wata hanya, mu ga ko za mu iso wuri ɗaya. Me ta mallaka a daren nan? Kuɗi 650, bashin da take bi 450, kaya na 200. A haɗa, 1,300. Da me ta fara? 1,000. Bambanci, 300. Hanya biyu, amsa ɗaya. Ni dai duk lokacin da na ga lambobin nan biyu sun haɗu, sai na ji daɗi har raina, kuma na ga yara sun yi ihun murna a aji a daidai wannan wuri.

[Tsohon zanen wani malami sanye da doguwar riga, da taswirar birnin Benis.]

Wannan dabara ta rubuta kowane abu a ɓangare biyu, inda ya fito da inda ya shiga, ta daɗe. 'Yan kasuwar Italiya sun yi ta aiki da ita, sannan a shekarar 1494 wani malamin lissafi mai suna Luka Pacioli ya yi bayaninta dalla-dalla a littafin da aka buga a Benis. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, shi ya tsara ta a rubuce yadda kowa zai koya. Sama da shekara 500 ke nan, kuma har yau da ita akantoci ke aiki, ko da a kwamfuta ne. Abin da ɗan shekara 14 ke yi a littafinsa mai layi biyu shi ne abin da manyan kamfanonin duniya ke yi.

[Komawa teburin ɗaliba.]

Amma kada ku tashi tukuna, yanzu ne za mu shiga wurin da ya fi muhimmanci.

Ta ci ribar 300, mun yarda. Gobe tana so ta sake saro littattafai 100. Za ta iya? Ba za ta iya ba. Sari na bukatar 1,000, ita kuwa 650 ke hannunta. Mai ba da sari ba ya karɓar takardar bashi, ba ya karɓar lissafin da ke allo. Ga riba a littafi, ga akwati ya gaza.

Sai kuma a ce ta yi murna, ta ce tunda na ci 300, bari in cire abina in kashe. Ta sa hannu a akwati ta ɗauki 300. Saura 350. Ribarta tana wajen masu bashi, abin da ta ɗauka daga cikin kuɗin juyawa ne. Haka ake cin uwar kuɗi ba tare da an sani ba. Mutum bai yi almubazzaranci ba, bai yi sata ba, ya dai ɗauki abin da yake gani nasa ne kafin lokacinsa ya yi.

In kuma masu bashin nan suka ƙi biya fa? An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ke biya ba. In 450 ta nutse, ribar 300 ta koma asarar 150. Lambar da ke takarda ba ta zama tabbas sai ta shigo akwati.

Mu juya abin. A ce wani ya ranta mata 500. Akwati ya koma 1,150, ya fi jarin da ta fara da shi. Wanda bai yi darasin nan ba zai ce kasuwa ta yi albarka. Ribarta ba ta ƙaru da ko ɗaya ba. Kuɗin sun shigo ta ɓangare ɗaya, bashi ya hau kanta ta ɗaya ɓangaren. Akwati na iya cika alhali babu riba, yana iya bushewa alhali akwai riba.

[Tsofaffin hotunan manyan shaguna a Amurka.]

Kada ku ce wannan matsalar ƙananan 'yan kasuwa ce. A Amurka an yi wani kamfani, W. T. Grant, mai shaguna sama da 1,000. Shekara da shekaru littafinsa na nuna riba, amma yana ta ba masu saye kaya bashi ba tare da tantancewa sosai ba, kuɗin da ke shigowa hannu kuma ba su kai waɗanda ke fita ba. A 1975 ya durƙushe. Har yau ana koyar da labarinsa a azuzuwan lissafin kuɗi. Takardar bashin da ke teburin ɗalibarmu ce, ta yi girma.

[Hotuna masu saurin sauyawa: asibiti, gona, wurin ɗinki, ofis, ɗakin gwaje-gwaje.]

Na san abin da wasu iyaye za su ce. Ɗana likita zai zama, me ya haɗa shi da sari da ciniki? Likitan da ya buɗe asibitinsa zai biya ma'aikata a ƙarshen wata ko marasa lafiya sun biya ko ba su biya ba. Manomi na kashe kuɗi wata da watanni kafin ya ga amfani. Injiniya na karɓar kwangila, a ba shi wani kaso tun farko, in ya ɗauka riba ce ya kashe, aikin zai tsaya a rabi. Ma'aikacin albashi ma da ya karɓi rance ya ga asusunsa ya cika, yana bukatar wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan cikar ba tasa ba ce.

Kuma yawancin manya ba su samu wanda ya gaya musu ba. A 2014 an yi wani babban bincike da kamfanin Standard and Poor's ya ɗauki nauyi, tare da Gallup, kamfanin binciken ra'ayin jama'a, da Bankin Duniya. An tambayi manya sama da 150,000 a ƙasashe fiye da 140 tambayoyi masu sauƙi kan kuɗin ruwa, da yadda yake hawa kan kansa, da hauhawar farashi, da raba jari don rage haɗari. Kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya tsallake. Tun kafin wannan bincike ma, ƙungiyar OECD, mai haɗa ƙasashe kan harkar tattalin arziki, ta fara gwada ilimin kuɗi na 'yan shekara 15 a 2012, Ingila kuma ta sa shi cikin manhajar sakandare a 2014.

Ga wani amfani da nake ganin ya fi ƙarfin a wuce shi da gudu. Yaron da ya saba tambayar "ribar nan daga ina ta fito?" yana da wuyar damfara. A 1920, a birnin Boston, Charles Ponzi ya yi wa mutane alkawarin ƙarin kashi 50 cikin 100 a kwana 45. Na farko sun samu, don da kuɗin na baya ake biyansu. Babu ciniki, babu kaya, akwati ne kawai da ke cika ta gaba yana zuba ta baya. Irin wannan na dawowa kullum da sabon suna, yanzu ma ta waya. Ɗalibarmu za ta tambaya: me ake sayarwa, nawa aka saro, wa ke saye? In babu amsa, ta riƙe kuɗinta.

[Ɗalibai a rukuni, suna gardama a kan takarda.]

Sauran kuna gani da idonku. Ga su suna raba aiki, wannan ma'aji, wannan mai talla, wannan mai rubutu. Ga yarinyar da ba ta magana a aji ta miƙe tana kare lissafinta. Ga wanda ya ce ya tsani lissafi yana fitar da kashi cikin ɗari da ka, tunda yanzu lambobin na nufin wani abu a wurinsa. Suna koyon karanta yarjejeniya kafin sa hannu, suna koyon cika alkawari, suna koyon cewa "a'a" ga aboki mai neman bashi ba tare da an ɓata ba, wanda ko manya na shan wuya a kansa. Ba sabon tunani ba ne. Ƙungiyar Junior Achievement ta fara sa matasa su kafa ƙananan kamfanoni a Amurka tun 1919, Young Enterprise kuma ta bi sahu a Birtaniya a farkon shekarun 1960.

Ra'ayina, kuma ina faɗa da ƙarfi: darasin nan na mutuwa ne in aka mai da shi hadda. Yaro ya haddace ma'anar jari, ma'anar kadara, nau'o'in kamfani, ya zuba a takardar jarrabawa, ya manta. Malamai, ku ba su wani abu ƙarami su juya, ko da da kuɗin takarda ne da aka yanka a aji. Ku sa su buɗe shafi biyu, ɗaya na riba, ɗaya na kuɗin hannu. Ku bar wani ya ci bashi ya ƙi biya, su ji zafin abin a wurin da asarar ba za ta cutar da kowa ba. Iyaye kuma, in ɗanku ya zaɓi darasin kasuwanci, kada ku ɗauka ya gudu daga mai wuya ne. Ku ba shi tambayar da muka fara da ita, ku ma ku gwada tare da shi.

[Teburin ɗaliba. Ruwa ya zuba a kan littattafan da suka rage.]

Ga ta mako mai zuwa. Cikin dare ruwa ya lalata guda 10 daga littattafai 20 da suka rage, ba za su sayu ba. Babu wanda ya taɓa akwati, har yanzu 650 ne a ciki. Nawa ribarta ta koma? Ku ɗauko takarda, ku ja layi a tsakiya, sannan ku amsa.