Takarda Sawun Dabba Ce: Lacca Kan Shaidar Lafiyar Dabbobi da Amfanin Gona

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamai, iyayena da 'yan'uwana manoma da makiyaya, barkanmu da haɗuwa.

An nemi in yi magana a kan takardun da gwamnatoci ke tilasta wa mai dabba da mai kayan gona ya mallaka kafin ya fita da su ko ya shigo da su. Na san maganar ba ta da farin jini. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan iyaka da mota maƙare da shanu, rana tana dukansu, ana tambayarsa wata takarda da bai taɓa jin sunanta ba, ba zai ji daɗi wani ya zo yana yabon takarda a gabansa ba. Na san wannan zafin, kuma zan komo kansa kafin mu tashi. Amma ku ba ni dama in fara da inda takardar ta samo asali.

A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jiragen ruwa ta Massawa, a ƙasar da yau ake kira Eritiriya. Shanun daga Indiya aka kwaso su don ciyar da soja, kuma a jikinsu akwai cutar bushiya. Ba wanda ya tambayi daga wane garke suka fito, ba wanda ya killace su ya ga abin da zai bayyana. Cikin shekara goma cutar ta ratsa Habasha, ta yi yamma har bakin tekun Atlantika, ta yi kudu har ta shiga Afirka ta Kudu a 1896. A wurare da yawa, cikin shanu goma tara sun mutu. A Habasha, da shanun huɗa suka ƙare noma ya tsaya, aka shiga yunwar da ta kai daga 1888 zuwa 1892. Ku dubi girman abin, jama'a: jigilar shanu ta tasha guda ta talauta nahiya.

Turai ma ta ɗanɗana. A 1920 wasu shanu masu tozo da aka ɗauko daga Indiya za a kai Barazil suka yada zango a tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, sai bushiya ta ɓulla a can. Wannan firgicin ne ya sa ƙasashe suka zauna a Paris, har a ranar 25 ga Janairu 1924 ƙasashe 28 suka sa hannu aka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, wadda aka daɗe ana kira OIE, yanzu kuma ake kira WOAH. Babban alkawarin da suka ɗauka shi ne kowace ƙasa ta faɗi gaskiyar abin da ke kashe mata dabbobi. A ƙa'idar yau, idan wata babbar cuta ta ɓulla, awa 24 ƙasa take da shi ta sanar. Da wannan sanarwa, da allurar rigakafi, da sa ido a kan zirga-zirga aka ci ƙarfin bushiya. An ga ta ƙarshe a Kenya a 2001, aka shelanta ƙarewarta a duniya a 2011. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar gaba ɗaya.

To, ga tambayar da makiyayi zai yi, kuma yana da gaskiyarsa: ni da na tashi cikin shanu, na san lafiyayyiya daga mai ciwo tun daga nesa, me takarda za ta gaya mini?

Amsar tana cikin halin cuta. Cuta tana da kwanakin ɓuya. Ciwon baki da kofato yakan yi tsakanin kwana 2 zuwa 14 a jikin dabba kafin ya nuna, kuma dabba tana iya fara yaɗa shi tun kafin miyau ya zubo ko ɗingishi ya bayyana. Tumaki ma sun fi haɗari, don sau da yawa ciwon yakan zo musu da sauƙi har mai su bai lura ba. Ido, komai ƙwarewarsa, yau kawai yake gani. Ba ya ganin inda dabbar ta kwana makon jiya, ko rijiyar da ta sha ruwa, ko garken da ta goga kafaɗa da shi a kasuwa. Wannan tarihin shi ake rubutawa a takarda. Shi ya sa nake cewa takarda sawun dabba ce. Mai bin sawun ɓatacciyar saniya ya san in sawu ya ɓace a kan dutse, neman ya koma lalube. Likitan dabbobi ma haka yake ranar da annoba ta ɓarke.

Bari in ba ku misalin da ya fi zauna mini a rai, don ya faru ne a ƙasar da ba ta rasa kuɗi ko likitoci ba. A watan Fabrairun 2001 aka gano ciwon baki da kofato a wata mahauta a yankin Essex na Ingila. Da aka bi baya, aka tarar tushen yana can arewa, a wata gonar aladu a Northumberland. Kafin a farga, cutar ta tsallaka zuwa tumakin maƙwabta, an kai tumakin kasuwa, dillalai sun saya sun sake sayarwa, wasu sun canza hannu sau da yawa cikin 'yan kwanaki. Shanun Birtaniya a lokacin suna da tsarin fasfo na ɗaiɗaiku, saboda darasin cutar haukan shanu. Tumaki kuwa ba su da irin wannan tsari na ɗaiɗaiku, kuma akwai cinikin da aka yi a gefen kasuwa wanda bai shiga littafi ba. Ranar 23 ga wata aka hana motsa dabba a faɗin ƙasar, amma aikin gama ya gama. Da hukuma ta rasa sanin wace tunkiya ta je ina, sai ta koma kashe na kusa da na nesa. An hallaka dabbobi sama da miliyan 6, mafi yawansu ba a tabbatar suna ɗauke da cutar ba. Har zaɓe sai da aka ɗage daga Mayu zuwa Yuni. Ina so ku riƙe wannan: inda babu rubutu, lafiyayyiyar dabba ba ta da mai yi mata shaida, sai a haɗa ta da mai ciwo. Bayan annobar ne suka kafa dokar cewa in sabuwar dabba ta shigo gona, sai an yi wasu kwanaki kafin wata ta fita.

Ɓangaren tsirrai labarinsa ɗaya ne, sai dai ya ma fi daɗewa. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwar inabi ya shiga Faransa a jikin dashen da aka kawo daga Amurka, ya cinye gonakin inabi masu ɗimbin yawa. Shi ya haifar da yarjejeniyar da aka yi a birnin Bern na Suwizalan a 1878. Wadda ake aiki da ita yanzu, ta kare lafiyar tsirrai tsakanin ƙasashe, an amince da ita a 1951 a ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, mai hedikwata a Rum.

Daga wannan yarjejeniya takardar shaidar lafiyar tsirrai ta fito, kuma fasalinta kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ana rubuta sunan mai aikawa da na mai karɓa, da yawan kaya, da ƙasar da aka noma su, da abin da ya ɗauko su, da tashar da za su shiga. Ana rubuta sunan tsiron na kimiyya, domin sunan gida yana canzawa daga harshe zuwa harshe, kuma ƙwaron da ke cin wannan ba lalle ya ci ɗan'uwansa ba. In an yi feshi ko an turara kayan da magani, sai a faɗi maganin da ranar da aka yi. A ƙasa jami'in gwamnati ya sa hannu ya buga hatimi. Sau da yawa ma akwai takardar da ke gaba da wannan, wato izinin shigo da kaya, inda ƙasar da za a kai wa take jera sharuɗɗanta. Kuskuren da 'yan kasuwa suka fi yi shi ne su loda kaya tukuna sannan su nemi izini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu sharuɗɗan ma tun amfanin yana gona ake cika su, in an girbe dama ta wuce.

Wani zai ce ai ni ba buhu dubu na ɗauko ba, 'yan sandunan dashe ne a jaka. To, wake ɗaya ke ɓata gari. A 1973 aka fara ganin wani farin ƙwaro mai tsotse rogo a kewayen Kinshasa da Brazzaville. Daga Kudancin Amurka ya zo, a jikin sandunan rogo, kuma da yake ya baro abokan gabansa a can, sai ya bazu a ƙasashen da ke noman rogo yana ƙona gonaki. Sai da masanin ƙwari Hans Herren da abokan aikinsa na cibiyar binciken aikin gona ta IITA suka yi amfani da wani ɗan mitsitsin zanzaro da aka samo a Paraguwai, aka fara sakinsa a 1981, sannan aka samu sa'ida. An dace a wannan karon. Tsutsar masara da aka fara gani a Afirka ta Yamma a farkon 2016 kuwa har yau ana fama da ita, ta kuma isa Indiya a 2018.

Ko katakon da ake ɗora kaya a kai bai tsira ba. Tun 2002 akwai ƙa'idar duniya cewa sai an gasa shi har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30, ko a turara shi, sannan a buga masa tambari. In kun duba jikin irin wannan katako za ku ga alama mai kama da zangarniyar alkama, da haruffan ƙasa, da lamba. Wannan ma takarda ce, a jikin itace aka rubuta ta.

Yanzu bari in cika alkawarin da na yi, in juyo kan hukuma, don nauyin ba a kan manomi kaɗai yake ba.

Takardar da aka buga wa hatimi ba tare da wani ya duba dabba ko ya buɗe buhu ba ta fi rashin takarda haɗari. In babu takarda, mai karɓa zai yi hattara. In kuwa ga hatimi, sai ya saki jiki ya haɗa baƙuwar dabba da garkensa. Jami'in da ya sa hannu daga kan kujera ya ba da shaidar zur, kuma dukiyar bayin Allah ce za ta biya. Ranar da wata ƙasa ta kama ƙwaro a kayan da aka ce an duba, ba ɗan kasuwa ɗaya za ta hukunta ba, duk mai wannan hatimin za ta rufe wa ƙofa.

Na biyu, takarda mai wuyar samu tana tura mutane hanyar daji. In ofis yana da nisan yini biyu, fom ɗin kuma da harshen da mai dabba ba ya ji, a ce ya dawo gobe, ya dawo jibi, to zai bi ta inda babu shinge, cutar ta bi shi. Ƙungiyar ECOWAS ta fito da takardar shaidar ƙetare iyaka ta makiyaya a 1998, mai nuna yawan garke, da allurar da aka yi, da hanyar da za a bi. Tunani ne mai kyau ƙwarai, amma amfaninsa ya rataya ne a kan ko makiyayi zai same ta kusa da inda yake. A nan akwai abin koyi a wata dokar Amurka ta rage yawan takardu, wadda aka yi a 1980 aka sabunta a 1995. Duk hukumar da ke son jama'a su cike fom, har da mai kula da lafiyar dabbobi da tsirrai, sai ta lissafa awa nawa fom ɗin zai ci wa mutane, ta nemi ra'ayinsu, ta samu amincewa, kuma amincewar ba ta wuce shekara 3 sai an sake dubawa. Abin da ya burge ni shi ne an ɗauki lokacin talaka a matsayin dukiya da sai an yi bayani kafin a taɓa. Yanzu kuma ƙasashe da yawa suna aika wa juna shaidar lafiyar tsirrai ta intanet, abin da ke rage jabu da ɓatan takarda a hanya.

Na uku shi ne diyya. Takarda mafi daraja a duk wannan tsari ita ce rahoton farko, ranar da mai kaji ya wayi gari ya ga sun fara zubewa. In ya san faɗa zai jawo a kashe masa sauran a bar shi hannu rabbana, zai yi shiru ya kwashe su zuwa kasuwa da asuba, murar tsuntsaye ta shiga gari goma. In ya san za a biya shi da wuri kuma daidai, da ƙafarsa zai zo.

Na ga hannu a baya. Baba yana tambaya, shi da ba ya fita da dabba ƙasar waje, me ya shafe shi? Baba, Allah ya ƙara girma, abin da ya shafe ka littafi ne ɗan ƙarami. Duk dabbar da ta shigo, a rubuta ranar da ta zo da wurin da aka sayo ta da sunan mai sayarwa. Duk wadda ta fita, a rubuta inda ta tafi. Ranar allura, a rubuta sunan maganin da lambar da ke jikin kwalbar. In rubutun boko bai samu ba, ajami ya wadatar, ko jika ya rubuta maka. Sabuwar dabba kuma a ɗaure ta gefe, da akurkinta ko turkenta da abin shan ruwanta daban, aƙalla mako biyu, in da hali a kai wata guda, kafin ta shiga cikin 'yan'uwanta.

Lokacinmu ya cika, shugaba yana yi mini alama. Masu sauran tambayoyi kan izinin shigo da iri, ina nan a bakin ƙofa bayan an tashi. Wassalamu alaikum.