Shirun da ke tsakanin minshari da minshari

Ƙarfe biyun dare a Aboabo, cikin Kumasi. Maigida na ta zuba minshari, har 'yan ɗakin da ke kusa sun saba. Sai ɗif, shiru. Uwargida ta kasa kunne: daƙiƙa goma, sha biyar. Can ya zabura ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe ka tambaye shi, ya rantse lafiya lau ya kwana.

'Yan uwa, wannan shirun shi likitoci ke kira ɗaukewar numfashi cikin barci. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita, jijiyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara gudu. Nan ne batun hawan jini ke shigowa: mai lafiya awon jininsa kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan ya yi barci. Shi kuwa wannan bawan Allah, wani sa'in sau talatin a awa guda jikinsa ke shan wannan firgici, to yaushe jinin zai sauka?

An daɗe ana cewa ai ƙiba ce ke kawo duka biyun, wato ɗaukewar numfashin da hawan jini. A shekarar 2000 binciken Wiskonsin a Amurka ya bi mutum 709 tsawon shekara huɗu. Waɗanda numfashinsu ke yankewa ko raguwa sau 15 ko fiye a awa, haɗarin hawan jininsu ya kusa ninka na waɗanda numfashinsu ba ya yankewa sam sau uku, ko bayan an cire lissafin ƙiba. A 2003 kwamitin masana hawan jini na Amurka ya sa cutar cikin sanannun musabbaban hawan jini.

Daga nan hankali ya koma kan na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya a 1981. An sa rai sosai. Amma da aka auna, maki biyu zuwa uku take ragewa daga awon jini a yawancin mutane. Binciken SAVE na 2016, mai mutum sama da 2,700, bai ga ta rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba. Sai dai fa, awa uku da 'yan mintoci kawai mutanen ke sa ta a dare. Abin ba daɗin sawa gare shi ba, balle a nan da dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ke iya kashe ta tsakar dare.

Shi ya sa yanzu masu bincike suka sauya tambaya: wa na'urar ta fi yi wa amfani? Alamu sun fi nuna mai shan magani iri uku jinin ya ƙi sauka. Ɗaya hanyar kuma rage nauyi ce. A Disamban 2024 Amurka ta amince da allurar tirzepatide ga masu ƙiba da wannan cuta.

Kusan duk waɗannan bincike a Turai, Amurka da Asiya aka yi su, mu namu kaɗan ne. Don haka Hajiya, ranar da Alhaji zai koma asibiti awon jini, Komfo Anokye ne ko na unguwa, ki raka shi. Likita zai ga lambobi a na'urarsa, amma shirun nan ke kaɗai kika ji shi.