Jawabin Maraba ga Babban Baƙo a Ziyararsa ga Masu Binciken Cututtukan Shanu a Sakkwato

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma babban baƙonmu, wakilin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, iyayenmu hakimai, shugabannin makiyaya da suka baro rugage tun da sassafe, Sarkin Fawa da jama'arsa, malamai da likitocin dabbobi, ɗalibai, 'yan jarida, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, a madadin likitocin dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaji da ke binciken cututtukan shanu a wannan gari, ina yi maka barka da zuwa Birnin Shehu, kai da tawagarka. Sannunku da hanya, sannunku da rana. Mun san hidimomin da ke gabanka, mun kuma san ba kowane babba ne zai ware yini guda domin ya zo ya ji labarin ɓarin shanu ba. Allah ya saka da alheri.

Ka zo ƙasar da saniya take da daraja. Nan ne gidan bokolo, wadda masana a ko'ina suke kira da sunan garin nan, gudalin Sakkwato. Muna da rahaji masu dogon ƙaho, ga azawak da ke gangarowa daga arewa. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni taku kaɗan ne, shanu kuwa ba ruwansu da shingen kan iyaka. Da rani garkuna su sauko fadamun Rima neman ruwa da ɗanyar ciyawa, da damina su koma tudu. A kasuwar Illela ko ta Acida, san da aka kwana da shi a Nijar zai wuni gefen na Zamfara, kashegari a loda shi a mota zuwa Kudu. Wannan zirga-zirga ita ce arzikinmu, kuma ta cikinta cuta ke bi. Shi ya sa muke ganin duk wanda yake son sanin halin da lafiyar shanun Najeriya take ciki, ya kamata ya sa ido a kan Sakkwato.

Dattawan da ke zaune a nan ba su manta da annobar shanu ta bushiya ba. A ƙarshen ƙarni na 19 ta ratsa Afirka ta share garkuna, har masu dukiya suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Saboda ita aka kafa ɗakin binciken dabbobi na Vom a 1924. An yi gangamin rigakafi na ƙasashen Afirka daga 1962, aka ɗauka an gama da ita, aka saki jiki, sai ga ta ta dawo da ƙarfinta a 1983. Bayan an sake ɗaura ɗamara, an kuma samo allurar da ke jure zafi har a kai ta daji ba tare da firji ba, a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya. Ban da agana, babu wata cuta da ɗan Adam ya taɓa kawarwa haka. Masu bincike ne suka yi allurar, amma makiyaya ne suka nuna inda cutar take ɓuya.

Bushiya tana kisa a fili, kowa ya gani, hukuma ta tashi tsaye. Cututtukan da muke fama da su yanzu, da yawansu ba sa barin gawa a bakin hanya. Saniya ce za a yi mata barbara, wata ya zagayo ta sake neman sa. Wata ta ɗauki ciki ta zubar a wata na biyar. Wata ta haifi maraƙin da ba ya iya miƙewa ya kama nono. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara, kimanin kwana 280, don haka ɓari ɗaya asarar shekara ce: babu maraƙi, babu nono a ƙwaryar matar gida, babu man shanun da za a kai kasuwa a sayo hatsi. Ba mai kai rahoton wannan ofis. Makiyayi zai ce ƙaddara ce, ya haƙura. Mu ma mun yi imani da ƙaddara, amma Allah da ya saukar da cuta ya saukar da magani, ya kuma hore mana hankalin neman sababi.

Bari in ɗan tsaya a kan guda ɗaya, domin ita ce ta fi ɗaukar mana lokaci. Ana kiranta BVD, zawon shanu na ƙwayar bairus, an fara gano ta a Amurka a 1946. Idan ta kama babbar saniya, sau da yawa ɗan zazzaɓi ne da zawo na 'yan kwanaki, ta warke. Ɓarnar tana ga mai ciki. In cutar ta same ta a farkon ciki, sai cikin ya lalace ba wanda ya lura. In ta same ta cikin watanni huɗun farko kuma ɗan tayin ya rayu, to a lokacin garkuwar jikinsa ba ta gama haɗuwa ba, sai jikin ya karɓi ƙwayar cutar a matsayin nasa, ba zai taɓa yaƙar ta ba. Wannan maraƙi za a haife shi ɗauke da cutar, ya yi ta zubar da ita ta majina da yawu da fitsari da kashi muddin ransa. Wani za ka gan shi tsumburarre, gashi a hargitse, sa'o'insa sun wuce shi. Wani kuwa sumul, ba abin da zai nuna maka. Yana shan ruwa a kwami ɗaya da masu ciki, yana kwana cikinsu, shekara ta zagayo a sake ɓari, mai garke yana ta sayen magani. In karsana ce ta girma ta haihu, ɗanta ma haka zai fito.

Abin da ake bukata don a gano shi ɗan ƙanƙani ne. Ana tsinke fatar kunne kamar ƙwayar gero biyu, a sa a kwalba, a kai ɗakin gwaji. Ƙasar Suwizalan ta bi shanunta kaf da irin wannan gwaji daga 2008, ƙasashen Suwidin da Norwe kuwa sun riga ta kawar da cutar ta hanyar gwaji da fitar da masu ɗauke da ita. Na san kiwonsu a killace yake, namu na yawo ne, ba za mu kwafi tsarinsu yadda yake ba. Amma ko a garke ɗaya aka cire irin wannan maraƙi, mai garken zai ga bambanci. Naman ba ya cutar da mutum, don haka wurinsa mahauta. Abin da ba ma so shi ne a kai shi kara wani ya saya don kiwo, ya kai wa garkensa.

Akwai kuma wata cutar bairus da ake kira IBR, wadda ke kama hanci da maƙogwaro da al'aura. Dabbar da ta kamu ko ta warke, ƙwayar tana laɓewa a jijiyoyinta, sai wahala ta zo, kamar doguwar tafiya ko yunwar bazara ko haihuwa, ta farfaɗo. Tana sa ɓari a watannin ƙarshe, tana kuma bin maniyyin sa. Yanzu da ake ta kwaɗaitar da mutane barbarar allura don inganta iri, ina roƙon a sa doka mai ƙarfi: duk maniyyin da za a raba wa jama'a, na gida ko na waje, a gwada shi tukuna. Bijimi ɗaya mai cuta, ta wannan hanya, zai iya kaiwa ga shanun da bai taɓa gani ba.

Ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, kowa ya san shi: dalala, ɗingishi, nono ya ƙafe, ƙananan maruƙa su mutu. Ƙwayarsa iri bakwai ce a duniya, an tabbatar da huɗu a Najeriya, kuma rigakafin wani iri ba ya kare dabba daga wani. In ba a gwada an san wanda ke yawo ba, ana iya yin allura a banza, makiyayi ya yanke ƙauna da allura gaba ɗaya. Ciwon ƙullutun fata da ƙwari masu cizo ke yaɗawa da damina shi ma yana sa ɓari, yana rage wa bijimi ƙarfin barbara, yana ɓata fatar da majema da dukawanmu ke ci da ita.

Wadda ta fi hana ni barci ita ce zazzaɓin Rift Valley, domin ba ta tsaya ga dabba ba. Sauro ke yaɗa ta bayan ruwa mai yawa, alamarta kuwa ɓari ne rututu a tumaki da awaki da shanu lokaci guda. Mutum yana ɗauka in ya taɓa jini ko ɗan tayin da aka zubar. A 2016 ta ɓarke a jihar Tawa ta Nijar, maƙwabciyarmu, mutane suka rasu, akasarinsu makiyaya. Yaron da ke janye mabiyiya da hannu, da mahaucin da ke fiɗa ba safar hannu, su ne a sahun gaba. Ina kira ga iyayenmu da ke nan: abin da saniya ta zubar a binne shi da zurfi, kada a bar wa karnuka, kada yara su taɓa, a kuma sanar da likita.

Ranka ya daɗe, a ruga duk ɓari sunansa bakkale. Bakkale gaskiya ce, tana nan, amma ita ƙwayar bakteriya ce, waɗanda na lissafa kuwa bairus ne, kuma allurar kashe bakteriya da ake saye a kasuwa ba ta yi musu komai. Ana ɗura wa dabba ita, kuɗi ya tafi, ragowar maganin ya biyo nono zuwa cikin yaranmu. Ido ba ya raba waɗannan cututtuka, komai ƙwarewar likita. Gwaji ne ke rabawa.

A nan ne muke neman ka tsaya mana. Muna da mutane. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana yaye likitocin dabbobi, cikinsu har da 'ya'yan makiyaya da ke jin Fulatanci, waɗanda in sun shiga ruga ba a ɓoye musu komai. Abin da ke karya mana gwiwa rashin na'urorin sanyi ne. A watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40. Jinin da aka ɗiba da safe a daji, in bai samu ƙanƙara ba, kafin la'asar ya tashi daga aiki. Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi ta har zuwa wuyan saniya. Na ga ma'aikacinmu yana zagaya masu sayar da ƙanƙara da dare, da kuɗin aljihunsa, don kada samfurin da ya sha rana ya ɗebo ya lalace. Muna roƙon firji masu aiki da hasken rana a nan da kuma asibitocin dabbobi na ƙananan hukumomi, musamman na bakin iyaka. Muna roƙon a riƙa ware kuɗin sinadaran gwaji kowace shekara, domin na'urar PCR, wadda ke gano ƙwayar cuta a cikin samfuri, ba ta da amfani in babu su, kuma da kuɗin waje ake sayo su. Babura da man zuwa ruga ma suna cikin lissafi.

Sai maganar diyya. Ba adalci ba ne mu ce wa talaka ya rabu da karsanar da yake sa rai a kanta domin amfanin garkunan maƙwabta, sannan mu juya mu tafi. In hukuma ta cika masa gibin da ke tsakanin kuɗin nama da kuɗin dabbar kiwo, da kansa zai kawo ta gwaji.

Akwai kuma hakkin da ke kanmu mu masu bincike. Makiyaya suna kukan cewa ana zuwa a ɗebi jinin shanunsu, a tafi, ba a sake waiwayarsu. Wasu suna tsoron ƙidaya ce ake yi don a dawo da jangali. Kukansu yana kan hanya. Mun ɗauki alkawari a gaban iyayen ƙasa cewa duk garken da muka ɗebi samfurinsa za mu koma mu faɗa wa mai shi abin da muka gani, da harshen da yake ji, ko sakamakon mai daɗi ne ko akasin haka. Ba zan ɓoye ba, rashin tsaro a gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni, ya hana mu kaiwa wurare da dama, ya kuma tarwatsa garkuna zuwa inda ba su saba ba. Muna addu'ar Allah ya kawo ƙarshensa. Muna kuma fatan a buɗe mana hanyar musayar labari kai tsaye da takwarorinmu likitocin Nijar, ta yadda in ɓari ya yi yawa a Ƙonni za mu ji a ranar, su ma su ji namu.

Yanzu da aka kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo a 2024, muna sa ran maganar lafiyar dabba za ta samu kujera a gaba, kusa da maganar abinci da burtali da ingantaccen iri.

Bayan wannan zama, za mu zagaya da kai ɗakin gwaji ka ga yadda ake karɓar samfuri da inda ake ajiye shi. Daga nan shugabannin makiyaya sun nemi a ba su ɗan lokaci su gana da kai, kuma ina roƙon a ba su isasshe, domin abin da za su faɗa ya fi nawa nauyi. Matan ruga sun aiko da fura da kindirmo, suna jiranka a rumfa.

Allah ya ja zamanin Sarkin Musulmi. Allah ya albarkaci dukiyar makiyayanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da babban baƙonmu da tawagarsa gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.