Wayar ɗalibin likitanci da gadon majinyaci

(An rubuto wannan daga naɗin laccar da wata likitar yara ta yi wa ɗaliban likitanci a Garwa, arewacin Kamaru.)

Assalamu alaikum. 'Ya'yana, na san yawancinku a waya kuke bita. Darasi na PDF yana yawo a guruf ɗin WhatsApp na aji, wanda bai gane zagayawar jini a zuciya ba ya nufi YouTube. Ban hana ba, ina ma murna. Littafin likitanci tsada gare shi, kuma ɗalibin Garwa yau yana iya kallon aikin tiyatar da a da sai wanda ya je Yawunde ko Faransa yake gani. Ku dai duba wanda ya yi bidiyon da shekarar da ya yi shi, domin ƙa'idojin magani suna canzawa.

Abin da ya fi damuna shi ne fatar da kuke gani a allon. Yawancin hotunan nan na Turawa ne. A jikinsu ƙurajen ƙyanda ja suke fitowa, ana hango su daga bakin ƙofa. Yaron da za a kawo muku daga garuruwan nan na kusa, Pitowa ko Lagdo, jan nan ba zai nuna sosai a baƙar fatarsa ba. Sai kun sa hannu kun shafa, kun tambayi uwa kwana nawa da zazzaɓin, kun duba idanun da suka yi ja, kun buɗe baki kun nemi fararen ɗigon nan na Koplik a cikin kumatu. Haka ƙarancin jini: ku ja fatar ido ta ƙasa, ku buɗe tafin hannu. A lokacin damina, da zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin yara, wannan dubawar tana ceton rai. Kuma uwar ba da Faransanci za ta yi muku bayani ba, da Fulatanci ne ko Hausa, wani lokaci ma sai an nemo tafinta.

Sai batun hoto, kuma a nan ina roƙonku da girman Allah. Ɗalibi ya ga ciwon da bai taɓa gani ba, ya ɗauka ya tura guruf don abokai su ƙaru. Niyyarsa kyakkyawa ce. Amma Garwa kowa ya san kowa. Ko kun rufe fuskar mace, lallen hannunta da zanen da ta ɗaura sun isa a gane ta a unguwa, kuma hoton da ya bar wayarka ba ka da iko da shi kuma. Aure yana iya mutuwa a kan haka. Idan ana bukatar hoto don koyarwa, a nemi izinin majinyaci da yaren da yake ji, a sanar da babban likitan sashen, a nuna shi a aji kawai.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, 'yata, ɗaga murya kowa ya ji.