Kofaton Doki a Damina: Daga Barga Ake Fara Gyara

Assalamu alaikum jama'a. Yau muna wata barga a cikin birnin Zariya, kuma daren jiya an kwana ana ruwa. Kafin ku kalli dokin, ku fara duban inda yake tsaye. Gindin turke ya zama caɓi: laka, kashi, fitsari da ragowar harawa duk sun cakuɗe, ga ƙafafunsa huɗu a ciki tun daren jiya. Ruwan da ake samu a Zariya a shekara ya kai wajen milimita 1,000, daga watan Mayu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Agusta. Ga shi a 'yan shekarun nan babbar sallah cikin damina take faɗowa, wato lokacin da ake son doki ya fita hawa shi ne lokacin da kofatonsa ya fi rauni.

Kofato danginsu ɗaya da farcen mutum. Wanda ya daɗe yana wanki ya san yadda farcensa ke yin laushi. Haka kofato yake: ya sha ruwa ya buɗe, rana ta fito ya bushe ya tsuke, gobe a sake. Wannan kai da komo ne ke tsattsaga shi.

To, bari mu ɗaga ƙafar. Kun ga wannan tsoka mai siffar bakin mashi a tsakiya, da kwari biyu a gefenta? Ita ce ke rage wa doki ƙarfin dukan ƙasa. A sa ƙarfe mai lanƙwasa marar kaifi a kwarin, a riƙa sakacewa daga dunduniya zuwa gaba. Ku ga abin da ya fito: baƙi, mai danƙo, wari kuwa sai an toshe hanci. Ruɓewa ce ta fara. Ƙwayoyin cutar da ke kawo ta ba sa son iska, shi ya sa kofaton da laka ta toshe ya zame musu gida. A wanke, a tsane da tsumma, a shafa aidin har cikin kwarin. Kullum ne, safe da yamma, kuma aikin bai wuce minti biyar ba.

Ina roƙon 'yan barga, don Allah a daina shafa baƙin man mota a kofato. Yana sa sheƙi, ban musa ba, amma ba ya maganin ruɓewa, datti kawai yake kamawa.

Amma duk aidin ɗin duniya ba zai yi aiki ba in dokin zai koma cikin caɓi. A cike gindin turken da marmara da yashi ya yi tudu, a ja masa 'yar hanyar ruwa, a gyara rumfar da ke yoyo, a riƙa kwashe kashi. A ganina wannan ya fi kowane magani da za a saya.

Sai yankan kofato. A wata yana tsiro kamar milimita 6 zuwa 10, kuma kafin sabo ya sauko daga sama har ƙasa sai an yi kusan shekara. Ke nan ɓarnar da aka yi a wannan daminar tana iya bin doki har sallar baɗi. A kira gwani duk mako shida ya datse, ya goge gefen da magagari, domin kofato mai laushi in ya yi tsawo bajewa yake yi ya tsage. Kada a ƙwaƙule tafin da yawa don wuƙa tana shiga da sauƙi.

Takalmin ƙarfe fa? Yawancin dawakinmu babu shi suke tafiya lafiya lau. Dokin folo da wanda ke yawan taka kwalta su ne ke bukata. A damina kusa ba ta kama kofato mai laushi sosai, laka kuma tana tsotse takalmin, saboda haka kowace safiya a taɓa a ji ko yana motsi. In ya yi sako-sako a cire shi gaba ɗaya, kada kusa ta juya ta soki tafin.

Idan kuwa doki ya kwana lafiya ya tashi ba ya iya taka ƙafa ɗaya, ku dafa kofaton. In ya fi sauran zafi, galibi mugunya ce ta taru a ciki. Kada a hau shi, kada a sa wuƙa a gida. A nemi likitan dabbobi, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru, ya buɗe wurin ya ɗaure, ya kuma yi masa allurar tetanos, domin doki yana cikin dabbobin da wannan cuta mai sandarar da jiki ta fi saurin kamawa.